An ba ni kujerar da maigidana ya daɗe yana jira, in karɓa?

Na Gaban Kyamara ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ba zan faɗi sunan tasharmu ba, don duk girman Kano, 'yan talabijin ɗinta ba mu da yawa, ina faɗa an gane ni.

Shekarata tara a wani gidan talabijin mai zaman kansa. Na shiga ne bayan na gama bautar ƙasa, ba albashi, sai ɗan kuɗin mota ranar da aka tuna da ni. Aikina na farko ɗaukar ƙafar kyamara da naɗe waya idan an dawo daga ɗauka. Akwai wani dattijo a sashen shirye-shirye, bari in kira shi Malam kawai, shi ya ja ni jikinsa. Shi ya koya mini cewa ba a yi wa baƙo tambayar da zai amsa da "e" ko "a'a". Shi ya hana ni maimaita "masu kallonmu" kamar mai jan carbi. Ranar da na fara fitowa a allo ma shi ne sila. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai gabatar da shirin ya maƙale a hanyar Haɗeja, baƙo kuma yana zaune a sutudiyo ana shafa masa hoda. Saura minti shida. Malam ya dube ni sama da ƙasa, ya cire hularsa ya kifa mini, ya ce, "Kalli jar fitilar can kamar kakarka kake ba labari." Gwiwata na kaɗawa a ƙarƙashin tebur har aka gama, amma tun daga ranar ban sauka daga kujerar ba. Yanzu shekara shida ke nan ina gabatar da shirin tattaunawa na daren Laraba, kan kasuwa da tsadar rayuwa da abin da ya dami talaka.

To ranar Talatar da ta wuce mai tashar ya kira ni ofishinsa. Shugaban sashenmu zai bar aiki ƙarshen wata, kuma ni yake so in hau kujerar. Sharaɗi guda: in sauka daga shirina, wai ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu. Matsalar ita ce kowa a gidan ya san kujerar ta Malam ce. Sau biyu yana riƙon ƙwaryarta, sau biyu ana kawo wani daga waje a ɗora a kansa, bai taɓa ɗaga murya ba. Da na ambaci sunansa, mai tashar ya ce Malam mutumin kirki ne amma zamani ya wuce shi, bai san me ake ciki a Facebook da TikTok ba, kuma masu talla fuskata suka sani.

Zan faɗi gaskiya tunda ba a ganina. Ina son kujerar. Tun ina jami'a nake da burin wata rana in shugabanci tasha, ko in kafa tawa. Ina yawan tuna John Momoh, wanda ya bar karanta labarai a NTA ya kafa tashar Channels, ta fara watsa shiri a 1995, ga inda take yau. Amma kuma ina son allon, wannan ma gaskiya ce. Ina jin daɗi in shiga Kantin Kwari a ce "ga na talabijin nan", ko mai shayi ya ce an biya mini. Wannan ba abin alfahari ba ne, na sani, amma haka zuciyar take. Ƙarin albashin kuwa bai kai kuɗin buhun shinkafa biyu ba.

Maiɗakina ta ce in karɓa, yara suna girma. Hajiyarmu ta ce kada in kuskura in taka wanda ya ɗaga ni. Wani abokina kuma yana ta zuga ni in watsar da su duka mu buɗe tasha a YouTube. An ba ni zuwa Litinin ta sama. Waɗanda suka san aikin nan, don Allah me kuka gani?

Baba Mai Ritaya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi shekara 35 a gidan talabijin na gwamnati, na fara da ɗaukar faifai na gama ina shugabantar sashe, saboda haka labarinka ya taɓa ni ta fuska biyu.

Ka fara gane abin da ke cikin zuciyar maigidan naka. Mu da irinsa tarbiyya ɗaya muka samu. Talabijin a Arewa da gwamnati ta fara, a Kaduna a 1962 zamanin Sardauna, shekara uku bayan ta Awolowo a Ibadan. A 1977 soja suka tattara tashoshi ƙarƙashin NTA, daga baya jihohi suka sake buɗe nasu, kamar CTV 67 ta zamanin Abubakar Rimi, wadda yau ake kira ARTV. A duk waɗannan gidajen layi ake bi. Wanda ya riga ka shiga shi ne gaba da kai, ko da kuwa ka fi shi iya aiki sau goma, ka jira ya yi ritaya ko Allah ya yi masa rasuwa. Sai a 1992, zamanin Babangida, aka kafa NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin, aka buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Ɗan kasuwa kuwa ba ruwansa da layi, wanda zai kawo masa kuɗi yake nema. Malam ɗinka yana aiki a gidan ɗan kasuwa da zuciyar ma'aikacin gwamnati, shi ya sa yake ta jira. Kuma ka sani, ko ka ƙi karɓa ba shi za a ba ba. An tsallake shi sau biyu kafin kai, za a tsallake shi na uku, a kawo wani baƙo da ba zai ma tashi tsaye ya gaishe shi ba.

Ni ma an taɓa ɗora yarona a kaina. Abin da ya ƙona mini rai ba muƙamin ba ne, a allon sanarwa na gani, kusa da takardar adashi. Yaron da na kai asibiti ranar da matarsa ta haihu bai iya takowa gidana ya gaya mini ba. Mun yi shekara huɗu muna gaisawa da baki kawai. Don haka kafin Litinin, ka wanke ƙafa ka je gidansa, ba ofis ba. Kada ka je neman izini, don hakan wasa da hankali ne, shi ma zai gane. Ka je ka gaya masa da bakinka, ka zauna ƙasa, ka saurari duk abin da zai faɗa ko da ɗaci.

Sannan ka san kujerar da kake sha'awa. Shugaban shirye-shirye jadawali ne aikinsa, jadawali kuwa rigima ce. Azumi zai zo, malamai huɗu kowa yana son tafsirinsa ya fita bayan sallar isha'i, kowanne da attajirin da ya tsaya masa. Mai maganin gargajiya zai zo da kuɗi a leda yana son awa guda ya yi alkawarin warkar da ciwon da likita bai warkar ba, sashen talla na murna, kai kuma ka san dokar NBC ta hana, kuma in takarda ta zo sunanka ne a kai. Janareta zai sha dizal ɗin da aka ware wa shirin yara. Lokacin siyasa waya za ta yi ƙara ƙarfe sha ɗaya na dare, wani babba bai ji daɗin abin da baƙonku ya faɗa ba. Ka tuna a 2022 NBC ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi kan 'yan bindigar daji. Ko me mutum ya ɗauka game da wannan hukunci, wani ne a gidan ya sa hannu aka watsa shirin, kuma shi ya kwana da abin. Wannan mutumin kake shirin zama. Ba wanda zai biya maka shayi a kan haka.

Ni dai ka karɓa. Amma gidan Malam tukuna.

Maman Ilham:

Baba ya gama magana ta fuskar zumunci, Allah ya ƙara girma. Ni ta fuskar takarda zan zo, ƙanina, don a nan aka cuce ni.

Furodusa ce ni, shekara goma sha huɗu, a Kaduna. An taɓa kirana ofis kamar yadda aka kira ka, aka ce "daga yau ke ce shugaba". Na yi murna har na yi wa 'yan ofis waina. Shekara biyu ina riƙe da sashe, ni ce farkon zuwa ni ce ƙarshen tashi, ina shayar da goyo a ɗakin tace hoto, ba takarda, ba ƙarin ko kwabo, kullum "ana kan shiryawa". Ranar da ɗan ƙanwar wani daga cikin masu gidan ya dawo daga karatu, sai aka tuna ai ni riƙo nake yi. Na koma teburina na da, shirin da nake yi kuma tuni an ba wata.

Saboda haka kafin ka ce "na karɓa", ka nemi abin a rubuce. Sunan muƙamin, albashin, da abin da ke ƙarƙashin ikonka. Kai za ka tsara jadawali, ko kuwa za ka tsara ne matar mai tashar ta buga waya a sauya? Kana da kuɗin aiki da za ka kashe ba sai ka bi akanta kana roƙo ba? In furodusa ya yi sakaci kana iya dakatar da shi? In amsar duk a'a ce, ba shugabanci aka ba ka ba, an ba ka wuyan da za a rataya laifi ne.

Kuma ka sake sauraron maganar mai tashar taku da kyau. Ya ce masu talla fuskarka suka sani. Ruwa ba ya tsami banza. Ina jin tsoron ba shugaban shirye-shirye yake nema ba, ɗan talla yake nema wanda za a buɗe wa ƙofa a kamfanoni da ma'aikatu. To kuma ga abin dariya, yana son ya sauke fuskar daga allo. Wata shida in ba a ganinka, wallahi mai shayin nan zai fara tambayarka "kai ne kuwa?" Masu kallo ba su da riƙo. Shirin nan naka shi ne jarinka, shi kaɗai ne abin da za ka iya ɗauka ka fita da shi in an rabu. Ni a wurinka ba zan sake shi gaba ɗaya ba. Ka ce za ka riƙa yin sau biyu a wata, ka ɗauko wani yaro ko yarinya ka fara koya masa sauran makonnin, kamar yadda aka yi maka.

Batun buri kuwa, kada kowa ya sa ka ji kunyarsa. Mu mata an fi yi mana wannan, da ka nuna kana son gaba sai a ce idonka ya buɗe da yawa. Hajiya Sa'a Ibrahim ta shugabanci ARTV, ta kuma zama mace ta farko da ta shugabanci BON, ƙungiyar gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa. Abike Dabiri daga shirin Newsline na NTA ta tafi majalisar wakilai a 2003. Da sun tsaya jiran a ce musu bismillah, da har yau suna tsaye.

Mai Ɗaukar Hoto:

Oga, ni ba ni da shawara kan ka karɓa ko kada ka karɓa, ku manya kun fi kusa. Roƙo gare ni. In ka hau, ka tuna da mu.

Ranar hawan Daushe mu ne a rana tun azahar, ƙura a ido, doki na neman taka mu, kai kana sutudiyo cikin sanyi kana cewa "ga hotunan da muke kawo muku kai tsaye". Alawus ɗin ranar sai bayan babbar sallah, in ma ya fito. Batirin kyamara biyu ne a gidan, ɗaya da salatif aka ɗaure shi. Duk shugaban da na gani, makon farko sai ya tara mu ya ce ƙofarsa a buɗe take. Wata uku sai ka ga an sa sakatariya a bakin ƙofar. Wanda na fi tunawa da alheri bai iya dogon turanci ba, amma ba ya tafiya gida sai motar ɗauka ta dawo, kuma in an ba da na goro a wurin taro ba ya tambayar rabonsa.

Malam ɗin naku kuma, irinsu ne suke sanin wace waya ce ke kawo ƙara a sauti ba tare da sun taɓa ta ba. Ku bi shi a hankali.

Ɗan Zoo Road:

Abokin naka mai zuga ka YouTube, shi yana da tasha ko kuwa da bakinka zai ci albasa? Ina da tasha shekara uku ke nan. Kafin su fara raba kuɗin talla da kai sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, wannan ma mai sauƙi ne ga mai suna irinka. Wahalar tana gaba. Kallon da aka yi daga Najeriya kuɗinsa kaɗan ne ƙwarai in ka gwada da na Saudiyya ko Ingila, kuma mutanenmu data suke lissafi, shirin awa guda kan farashin masara ba kowa zai ƙona kuɗinsa a kai ba. Masu finafinai masu dogon zango da ka ga suna samu, labarin soyayya da rikicin gado suke sayarwa, kuma da yawa tallan da suke sakawa a cikin shirin ne ke riƙe da su. Yau kana da mai kyamara, mai sauti, mai tace hoto, janareta da mota, duk ba ka san nawa ake kashewa ba. Ranar da ka fita, kai ne duk waɗannan.

Ba na ce kada ka yi ba. Amma in da gaske kake kana son tasharka wata rana, shekara biyu kana ganin takardun kuɗin gidan talabijin daga ciki ta fi maka kowace digiri. Momoh ɗin da kake kira ma ai sai da ya daɗe a gidan wani kafin ya buɗe nasa. Abu ɗaya: ka duba ko shafukanka na Facebook da TikTok naka ne ko na tasha. Na san wanda ya bar aiki aka karɓe shafin da ya shekara biyar yana ginawa, don da lambar ofis aka buɗe.

Na Gaban Kyamara:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na bi maganarka. Jiya bayan isha'i na je gidan Malam.

Na same shi a soro yana gyara wata tsohuwar rediyo. Na zauna ƙasa, ya ce in hau tabarma, na ƙi. Na fara kame-kame, sai ya ce, "Tun ranar Talata na sani, masinja ya riga ka." Kunya kamar ƙasa ta tsage. Ya ce Allah ya sa alheri, ya taya ni riƙo. Ban san ko har zuci ba ne, fuskarsa ba ta nuna komai ba, kuma bai kalle ni sosai ba, idonsa na kan rediyon. Daga nan ya shiga labarin tsadar dusar awaki, muka yi kusan rabin awa a kai. Ni dai ina ta "haka ne, Malam".

Sai da na tashi tafiya, ya rako ni bakin ƙofa, sannan ya ce abu biyu. Na farko, kada in riƙa kiransa Malam a gaban ma'aikata in kuma kasa ba shi umarni, wai hakan zai lalata ni ya lalata shi, in ba shi aiki kamar kowa, in ya yi kuskure in kira shi gefe. Na biyu, shirin manoma na safiyar Asabar. Shekara goma sha ɗaya yana yinsa, ba mai ɗaukar nauyi, kuma ya san sashen talla sun daɗe suna son sayar da lokacin. Ya ce mutanen Ɗambatta da Bichi suna bugo waya a kan shirin, ba su da Facebook ne kawai shi ya sa mai tashar ba ya ganinsu. Ya ce, "In ka iya kare wannan, ka kare." Ban yi alkawari ba, don ban san ko zan iya ba, na ce zan yi iya ƙoƙarina. Ya ce to. Hular nan da ya kifa mini shekara shida da suka wuce har yau tana gidana, na so in ambata, bakina ya yi nauyi.

Yau da safe kuma na ga mai tashar. Anti Maman Ilham, kamar kina wurin. Ya yarda zai ba ni takarda, ya yarda in riƙe shirina sau biyu a wata har ƙarshen shekara a gani. Amma da sakatare ya kawo daftarin, sai ga wani sakin layi a shafi na biyu: sashen shirye-shirye zai riƙa kawo wani adadi na kuɗin talla duk wata uku, in an gaza sau biyu a jere "za a sake duba muƙamin". Adadin ya kusa ninka abin da sashen ya kawo bara. Kuma na yi lissafi a mota, hanya mafi sauri ta cike giɓin ita ce sayar da safiyar Asabar.

Ban sa hannu ba, na ce zan karanta a gida. Shafin Facebook da lambata aka buɗe, Ɗan Zoo Road, na duba, na TikTok ne na ofis. Mai Ɗaukar Hoto, maganar batir na rubuta ta a takarda.

Anti, irin wannan sakin layin ana iya sa a cire shi gaba ɗaya, ko sai dai a nemi ragi?

Maman Ilham:

Ba zai cire ba, kada ka ɓata bakinka. Ka nemi abu biyu: a mayar da adadin kan abin da aka samu bara da ɗan ƙari, kuma a rubuta cewa nauyin na sashenku ne tare da sashen talla, ba kai kaɗai ba. Sannan kafin Litinin ka zagaya wajen dillalan taki da irin shuka da masu maganin feshi, ka ji ko akwai wanda zai ɗauki nauyin shirin manoman ko na wata uku ne, damina ta kusa. Ka tafi da Malam, shi suka sani. Kuma ka ba lauya takardar ya karanta, ba abokin nan naka na YouTube ba.